Waƙar da Ba Wanda Ya Zaɓa

Shagon takalman da take aiki yana ƙarƙashin ɗakin wasanni ne daidai, don haka tun kafin ta ga injin rawar da idonta ta san waƙoƙinsa. Kiɗan ba ya saukowa sosai, bugun ƙafa ne ke saukowa. Duk wanda ya taka a sama sai silin ya amsa, ƙura ta zubo kan kwalaye, ita kuma ta ɗauki tsumma. A haka ta koyi rarrabe su. Wannan mai sauri ce kamar ana daka, wannan mai tsalle-tsalle ce, wannan kuma, dim, dim-dim, dim, to Agwagwa ce. Kullum Agwagwa.

Injin ba shi da wuyar ganewa. Allo ne babba a tsaye, a gabansa faranti biyu na ƙarfe shimfiɗe a ƙasa, kowanne da kibiya huɗu: gaba, baya, hagu, dama. Ka jefa kwandalar wasa, ka zaɓi waƙa, kibiyoyi su riƙa hawowa a allo, kai kuma ka riƙa taka na ƙasa daidai da kiɗa. In kuskurenka ya yi yawa inji ya kashe waƙar a tsakiya, ya bar ka tsaye kana haki a gaban jama'a. Sunayen waƙoƙin da wani irin rubutu aka yi su wanda ba mai iya karantawa, sai 'yan wasa suke kiran kowace da hoton da ke jikinta. Akwai Jan Babur, akwai Tsawa, akwai Mai Tabarau. Can saman jeri kuma akwai Agwagwa, hoton wata agwagwa ce sanye da hular kwano, kiɗanta kamar an matse wa yaro hanci an ce ya yi waƙa.

Yayarta, wadda ke kitso a shagon ƙarshen baranda, ita ta fara jan ta sama. Ranar farko Yaya ta miƙa mata jaka ta ce riƙe mini. Wata ma ta miƙo tata, wani ya ɗora waya a kai. Kafin a tashi ta zama Mai Jaka, sunan kuma ya bi ta har ƙasa, har maigidanta na shagon takalma ya ɗauka. Ba ta damu ba. Mai riƙe jaka ba wanda ke cewa ya hau faranti, kuma daga kujerar lungu ana ganin komai.

Ɗakin yana da dokokinsa da ba a rubuta ba. Mai son hawa ya ajiye murfin kwalba a gefen allo, murfi biyun da ke gaba su ne za su hau tare, ko suna shiri ko ba sa yi. Wanda kuma ya danna maɓallin zaɓe, dole ya taka waƙar da ƙafarsa, in ta mutu a tsakiya shi ake yi wa ihu.

Matsalar ita ce kowane faranti da nasa maɓallan, alhali waƙa ɗaya inji ke sakawa. In murfin Yaya ya haɗu da na Sauro, wani siririn saurayi mai gyaran waya wanda ƙafafunsa ba sa zama wuri ɗaya, to an shiga uku.

"Tsawa za mu yi," in ji Yaya, tana danna dama.

"Tsawa kuma? Hajiya, jiya ma ita kika sa mu. Jan Babur." Ya danna hagu.

"Uwarka ce Hajiya? Cire hannunka."

"Ni na fara ajiye murfi."

"Ni na fara zuwa duniya."

Suna cikin haka lambobin da ke kusurwar allo na sauka, ba mai kallonsu sai Mai Jaka. Da sun ƙare, inji ya yi ƙit, ya koma saman jeri da kansa, ya ɗauki ta farko. Sai ka ji ɗaki ya ɗauka, wayyo, Agwagwa! Amma kwandala ta riga ta shige, ba mai sauka. Su taka ta har ƙarshe fuska a murtuke, ba kuskure ko ɗaya, don yawan maimaici ya sa ko a barci za su iya.

Ita tata waƙar can ƙasan jeri take, sai ka danna ka danna yatsa ya gaji. Hoton wata lema ce a buɗe ba kowa a ƙarƙashinta. Tana farawa a hankali, ta ɗan yi sauri, sai a tsakiya kiɗan ya ɗauke ɗif. A nan ake so ka dasa ƙafa biyu a hagu da dama ka tsaya cak, kar ka motsa, har kiɗan ya dawo. Wannan tsayuwar take so. Da rana tsaka, lokacin hutunta, in ɗakin ba kowa sai mai shi yana gyangyaɗi, takan cire takalmi ta hau ta saka Mai Lema. Ba ta taɓa kai ta ƙarshe ba. Akwai wani wuri dab da gamawa da kibiyoyi ke zubowa kamar an ɓare buhu, nan inji ke kashe mata kullum. Amma tana matsowa, ta san tana matsowa.

Mai ɗakin kowa Kawu yake ce masa. Mutum ne mai tumbi da haƙuri, yana zaune bayan tebur fanka na kaɗa masa, kunnuwansa biyu cushe da auduga tun safe har a rufe. Ya ce likita ne ya sa shi. Wata yamma ya zare audugar kunne ɗaya, ya buga tebur.

"Ku saurara. Mai gyara zai zo ƙarshen mako da sababbin waƙoƙi. Amma ya ce cikin injin ya cika, sai an zubar da rabi."

"A fara da Agwagwa!" in ji Sauro.

"A yanka ta!" in ji Yaya. Tunda aka kawo injin, ranar ce kaɗai bakinsu ya zo ɗaya.

Kawu ya dube su yana murmushin wanda ya kama ɓarawo. "Agwagwa? Ku ji mini mutane." Ya taso da makulli, ya buɗe wata 'yar ƙofa a gefen inji, ya danna wani abu. Allo ya canza. Ga hotunan waƙoƙin a jere, kowace da layi a gabanta gwargwadon yadda ake saka ta. Layin Agwagwa ya tafi har ya kusa fita daga allo. Tsawa da Jan Babur na biye, ko rabinta ba su kai ba.

"Inji ba ya ƙarya," in ji Kawu. "Baki ya ce ba ya so, ƙafa ta ce tana so. Ni ƙafa nake bi. Na ƙasan nan su za a zubar. Har na ce wa mai gyara in akwai 'yan'uwan Agwagwa, kaji ne, talotalo ne, ya haɗo mini da su."

Ɗaki ya kaure. Sauro ya ce matan nan ne ke saka ta a ɓoye. Yaya ta ce yaran makaranta ne. Wani ya ce inji ne ya haukace. Mai Jaka ba ta ji sauran ba, idonta na bin allo yana sauka, yana sauka, har ta ga lemar. Layinta bai fi ƙwayar shinkafa ba. Wannan ɗan layin ma ta san ƙafar wa ta yi shi.

Abin da ya fi ƙona mata rai, ta san amsar. Tana zaune da amsar a bakinta da jakunkuna a cinya, mutane na ta ihu a kanta, har aka tashi ta miƙa wa kowa jakarsa.

A gida, Yaya ta tsoma ƙafa a robar ruwan ɗumi tana danna waya. Mai Jaka ta daɗe tana ninke kayan da ta riga ta ninke.

"Yaya, kin san me ya sa Agwagwa ta fi kowace?"

"Sauro ne. Ɗan banza, da gangan yake ja mini rai."

"Ba shi kaɗai ba. Har da ke."

Yaya ta ɗago. "Ni? Na taɓa zaɓar Agwagwa?"

"Ba wanda ya taɓa zaɓar ta. In kuka tsaya faɗa lokaci ya ƙare, inji ke saka ta da kansa. Shi kuma ƙirgawa yake kamar ku kuka zaɓa."

"To wa ke jawo faɗan? In ya bar ni na sa Tsawa, za a yi faɗa ne?"

"Yaya, ba wannan nake nufi ba. Ki faɗa wa Kawu. Ke yana jin maganarki."

"Ke naki bakin aro kika bayar? Ni Tsawa na sama, ba abin da zai taɓa ta." Ta ɗan karkato. "Wai ke ma kina da waƙa ne?"

"Mai Lema."

"Wacce? Au, waccan ta masu barci? Wadda ake tsayawa a tsakiya kamar an ɗauke wuta?" Ta yi dariya har ruwa ya fantsama. "Miƙo mini tawul, Auta. Ki bari a kawo sababbi, za ki samu wata."

Ta miƙa mata tawul ɗin ba ta kalle ta ba.

Washegari da rana ta hau sama, ta tsaya gaban teburin Kawu tana murza bakin mayafi har ya farka. Ya zare auduga. Ta faɗa masa, tana haɗa farko da ƙarshe. Ya saurare ta tsaf, don Kawu ba ya wulaƙanta mutum.

"'Yata," ya ce, "in na kawo miki abincin da ba kya so, za ki cinye har ki suɗe kwano?"

"A'a, Kawu."

"To su waɗannan har ƙarshe suke taka ta. Ina kallonsu daga nan. Ko kuskure ba sa yi. Wanda ba ya son abu, sauka yake." Ya mayar da audugarsa.

Sai da ta kai tsakiyar matakala amsar ta zo mata: ai kwandalarsu ta riga ta shige, wa zai sauka? Ta tsaya riƙe da ƙarfen matakala, ta juya kamar za ta koma, ta ji maigidanta na ƙwala mata kira daga ƙasa. Ta sauka tana cizon leɓe.

Sai ta yanke shawarar ta tsawaita layin lemar da ƙafarta. Amma ashe ba ita kaɗai ta yi wannan tunanin ba. Makon nan kowa ya tuna yana da wata waƙa a ƙasan jeri da yake so a ceto. Murafan kwalba suka cika gefen allo har suna faɗowa. Yawan mutane, yawan gardama. Tana shagon takalma tana gwada wa wata mata silifa, sai ta ji sama ta yi tsit, ta ji hayaniya, ta ji dim, dim-dim, dim. Ta goge ƙura. Can an jima, tsit, hayaniya, dim, dim-dim, dim. Mutanen da suka zo kashe Agwagwa su ke yi mata kiwo.

Ko hutun ranarta bai tsira ba. Ta hau ta tarar da Anti Nas, wata ma'aikaciyar asibiti mai fara'a da ke biyowa in ta tashi aiki, tana cire farin takalminta.

"Yawwa, na samu abokiyar rawa. Zo mu hau, ƙanwata."

Ba yadda za ta yi, ta hau. Kwandala ta shige. Hotuna suka bayyana.

"Zaɓi mana," in ji Anti Nas.

"A'a Anti, ke ce babba."

"Haba, ni kullum ina zaɓa. Yau ke."

"Duk wadda kika sa, Anti, ni ba komai."

"Ni ma ba komai. Wace kike so?"

Lemar na can ƙasa. Yatsanta na kan maɓalli. In ta ce Mai Lema, Anti za ta ce to, da fara'arta, ta tsaya cak a tsakiya don kara, alhali ita ma wata waƙar ta zo ceto. Ina za ta kai wannan nauyi?

"Wallahi Anti ki..."

Ƙit.

Anti Nas ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Kin ga abin da kunya ta ja mana!" Mai Jaka ta taka Agwagwa daga farko har ƙarshe idonta na yaji. Ashe ba masu faɗa kaɗai ke ciyar da ita ba. Da masu ja da masu kara, duk kwano ɗaya suke zuba wa.

Ranar da mai gyara ya zo ɗakin ya cika har baranda. Gajeren mutum ne mai jaka a baya, wayarsa ba ta daina ƙara. Ya durƙusa bayan inji yana warware wayoyi, ya ce su yi ta ƙarshe kafin ya haɗa kwamfutarsa. Aka duba murafu. Na Yaya da na Sauro.

Mai Jaka na lungunta, jakunkuna har haɓa. Ta ga sun hau. Ta ga hannun Yaya ya tafi dama, na Sauro ya tafi hagu. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba, ita da kayan mutane gaba ɗaya, ta je gaban tebur.

"Kawu."

Bai ji ba.

"Kawu!" Ita kanta ta tsorata da muryar. Ya zare auduga. "Don Allah cire ɗayar ma. Kar ka kalli ƙafarsu. Kalli lambobin can na kusurwa."

Ko don bai taɓa jin ta ɗaga murya ba ne, ya cire. Ya ji Yaya na cewa yau sai dai a mutu, ya ji Sauro na cewa to a mutu ɗin. Ya ga lambobi na sauka. Ya ga allo ya yi tsalle ya koma sama ba wanda ya taɓa shi. Ya ji ɗaki ya ɗauka, wayyo, Agwagwa! Sannan, karon farko a rayuwarsa, ya ji Agwagwa da kunnuwansa biyu.

Ya yamutse fuska. "Wannan ce?"

"Ita ce, Kawu."

"Kullum haka suke yi?"

"Kullum."

Mai gyara ya leƙo daga bayan inji yana dariya. "Ai ko'ina haka ne. Duk shagon da na je, ta saman jeri ce ta ɗaya."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"Ka tambaye ni? Cewa ka yi in bi layi."

Kawu ya buga tebur ya ce a tsaya, a cire masa wannan tsuntsuwa, sauran kuma jama'a su zaɓa da bakinsu. Mai gyara ya girgiza kai. Ya ce aikin a haɗe ya zo da shi tun daga ofis, waɗanda za a zubar an riga an ware su, ba zai zauna sake lale ba, wani shagon na jiransa. Abin da zai iya kawai, in an cire Agwagwa gurbi ɗaya ya samu, sai ya ceto ɗaya daga cikin na zubarwa.

"Ga su nan a allo. Ku danna ɗaya. In lokaci ya ƙare ba ku danna ba, na bar muku Agwagwarku na tafi." Ya kara waya a kunne ya juya baya.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Kowa na kiran sunan tasa. Mai Tabarau! Jirgin Ruwa! Ta biyun can! Anti Nas na cewa ku yi a hankali, ba mai jin ta. Yaya da Sauro, waɗanda nasu waƙoƙin ba abin da ya same su, su ne dai a kan maɓallan, kowa ya tuno da wata da yake so.

"Saki, Sauro!"

"Ke ki saki!"

Mai Jaka ta kalli kusurwar allo. Lambobi na sauka. Ta kalli mutanen nan da suka gani da idonsu yanzu-yanzu, ko gumin bai bushe musu ba, suna sake tafka abin da suka tafka. Ta buɗe hannuwa. Jakunkuna suka zube, wayoyi suka tarwatse a ƙasa, wata ta yi ihu wayyo gilashina. Ta kutsa ta ƙarƙashin hammatar Sauro, ta ture hannun Yaya da kafaɗa, ta danne maɓalli. Hotuna suka riƙa gudu. Ta san nisan da yatsanta. Ta saki daidai kan lemar, ta buga maɓallin zaɓe da tafin hannu.

Kowa ya zuba wa allo ido.

"Wa ya danna?"

"Mai Jaka ce."

"Mai Jaka?"

"Wace waƙa ce wannan ma?" in ji wani daga baranda.

"An gama," in ji mai gyara, bai ko juyo ba. "Ku gwada ta in ga ta zauna."

Sauro ya sauka daga faranti yana shafa haƙarƙari inda ta buge shi. Ya yi mata nuni da hannu biyu kamar mai tarbar baƙo. "Doka dai doka ce. Wanda ya zaɓa shi ke takawa. Bismillah, ranki ya daɗe."

Sai a lokacin ta tuna da dokar. Ta waiga, ido ko'ina, har a ƙofa, har maigidanta na shagon takalma ya hawo jin hayaniya. Da ƙasa za ta tsage da ta shige.

"Cire takalmin," in ji Yaya ƙasa-ƙasa daga ɗaya farantin. "Tunda kin jawo, kar ki ba ni kunya."

Kiɗa ya fara. Kibiyoyin farko ta taka su kamar mai tafiya a kan ƙaya, ta kuskure biyu, wani ya yi tsaki. Sai ta daina jin ɗakin, ta bar ƙafa ta yi abin da ta sani. Da aka zo tsakiya kiɗa ya ɗauke, ta dasa ƙafa hagu da dama ta tsaya cak. Yaya, da ba ta san daidai wurin ba, ta ci gaba da buge-buge ita kaɗai, dam dam dam, a cikin shirun. Aka kwashe da dariya.

"Hajiya, an tsaya!" in ji Sauro.

"Rufe mini baki!"

Mai Jaka ba ta motsa ba har kiɗan ya dawo, ta ɗauke shi daidai kan gaɓa. Ta ji wani ya ce kai. Sai wurin nan ya zo, inda buhu ke ɓarewa. Ta wuce inda take faɗuwa kullum, ta ƙara gaba kaɗan, har ta hango ƙarshen, ƙafar hagu ta makara. Inji ya kashe.

Aka yi mata ihun da doka ta ce, har da buga tebur. Ta sauka tana haki, fuska kamar wuta, ta durƙusa tana tattara wayoyin mutane tana ba da haƙuri. Amma a ranta abu ɗaya take maimaitawa: gobe ma tana nan. Gobe da rana zan same ta.

Bayan kwana biyu tana shago tana jera kwalaye, ta ji sama ta yi tsit, ta ji hayaniya, sai wani bugu a hankali wanda ba ta taɓa ji ta silin ba, don duk lokacin da ake yin sa ita ce a sama. Ta tsaya da kwali a hannu. Mai Lema! Wani ya zaɓi Mai Lema! Ta yi murmushi ita kaɗai har maigidanta ya tambaye ta ko lafiya.

Can an jima ta sake ji. Kafin la'asar ta ji ta sau ba adadi, kuma kowane karo sai an yi tsit, an yi hayaniya tukuna. Murmushin ya bushe.

Da aka tashi ta hau da gudu. Ba ta buƙaci tambaya ba. Ga lemar can saman jeri, daidai gurbin da aka cire Agwagwa. Wasu 'yan mata biyu na kan faranti suna ja-in-ja, lambobi na sauka. Ƙit.

"Wayyo, Lema kuma!" ɗaki ya ɗauka.

"An sayar da biri an sayi kare," in ji Sauro. "Gara Agwagwa ma, ita ba ta sa mutum tsayuwar jiran mota. Wai wa ya jawo mana wannan?"

Kawuna suka juyo lungu. Ba wanda ya miƙo mata jaka.

Kawu ya yafito ta daga bayan tebur, audugarsa ta koma mazauninta, fuskarsa fal farin ciki. "'Yata! Na duba ɗazu. Waƙarki ta kusa kamo Tsawa!"

"Kawu, faɗan ne dai. Irin na da."

"Na sani, na sani," ya ce da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa. "Amma ai ba za a zubar da ita ba, ko ba shi kike so ba?"

Shi take so. Ta juya ta sauka.

Washegari wani dattijo ya shigo neman takalmin zuwa ofis. Ta zaunar da shi, ta durƙusa tana sassauta masa igiya. Sama ta yi tsit, aka yi hayaniya, bugun ya fara a hankali. Ta bi shi a ranta ba da son ranta ba, gaba, gaba, hagu, baya. Aka zo tsakiya, inda kiɗa ke ɗaukewa. Ƙafafu huɗu suka ci gaba da dukan silin, dam dam dam, da haushi, ƙura na zubowa kan sabon takalmin da ke hannunta.

Ta ɗaga kai sama.

"Nan tsayawa ake yi!" ta daka wa silin tsawa.

Dattijon ya janye ƙafarsa da sauri. "Ai na tsaya, ba na motsi, 'yata, a zaune ma nake."

"Ba da kai nake ba, Baba. Yi haƙuri." Ta sa tsumma ta goge takalmin. "Miƙo ɗayar."